Kafin Ka Tura Kuɗin Kama Masauki

Ɗan ƙanwata ne ya shigo gaishe ni bayan la'asar, ya zauna a gefen tabarma idonsa na kan waya, har na gaji na tambaye shi abin da ya ɗauke masa hankali. Ya ce wani gida ne mai ɗaki uku a wajen Hanwa a nan Zariya, da kujeru da janareta da komai, yake so ya kama wa abokansa da za su zo bikinsa daga Abuja, kuma dillalin ya ce in bai tura kuɗi kafin magariba ba akwai mai jira. Na ce ya nuna mini sunan da ke kan asusun. Ba sunan dillalin ba ne, kuma bai san sunan mai gidan ba balle ya gwada. Na ce to in aka ɗaga bikin nawa za a mayar masa? Ya yi murmushi ya ce, "Kawu, ai ba za a ɗaga ba in sha Allahu." Amsar da na ba wa yayana ke nan a 2020, kusan kalma da kalma.

A farkon waccan shekarar aka sa ranar auren 'yata ta fari, aka tsayar da farkon watan Afrilu domin a gama kafin azumi. Dangin ango daga Sakkwato za su zo, kuma gidana a Tudun Wada ba zai ɗauke su ba. Duk mazaunin Zariya ya san yadda masauki ke tsada ya kuma ɓace idan Jami'ar Ahmadu Bello na bikin yaye ɗalibai, ko ana yaye kuratan soja a Daffo, ko lokacin hawan Sallah, don haka na ga dabara ce in kama ɗakuna tun da wuri. Wani dillali da muke sallah a masallaci ɗaya ya kai ni wani gidan saukar baƙi a hanyar Samaru, na ga ɗakunan, na yaba, na ƙirga rabin kuɗin na damƙa masa a cikin mota, haɗe da la'adarsa. Ban karɓi rasit ba, ban ga mai gidan ba, ban tambayi abin da zai faru in an fasa ba.

Ba na so a ɗauke ni sakarai. Mu a yadda aka tarbiyyantar da mu, ka ce wa mutumin da kuke sahu ɗaya ya rubuta maka takarda daidai yake da ka ce ba ka yarda da shi ba, kuma na yi shekaru ina hulɗa da mutane da baki kawai ban taɓa asarar kwabo ba. Sannan wane ne a Zariya ya san a watan Fabrairu cewa za a rufe gari? Amma ko da nake faɗin haka na san uzuri nake nema, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, kuma na karanta ta tun ina yaro. Kunya ce ta hana ni, da kuma ɗan girman kai na uban amarya da ba ya so a ga yana ƙididdigar sulalla.

A ƙarshen watan Maris gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar hana fita saboda cutar korona, aka hana taro, baƙi ba su da hanyar zuwa. Aka ɗaura aure da mutanen da ba su cika falo ba. A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni: tun da aka fara raɗe-raɗin rufe gari na san bikin ba zai yiwu ba, amma na yi ta jira ko za a sassauta, ban sanar da kowa na fasa ba sai da ranar ta kusa. Da na tashi sanarwa kuma dillalin na gaya wa, a waya, shi kuma ya ce in kwantar da hankalina. Bayan an buɗe gari na je gidan, yaron da ke kan teburin karɓar baƙi ya jawo wani littafi mai baƙin bango ya buɗe mini. Sunana na ciki da jan biro, amma adadin da aka rubuta a gabansa bai kai abin da na bayar ba, kuma ba a rubuta an fasa ba. A bayansa, a jikin bango, an manna takarda da Turanci cewa kuɗin da aka biya ba a mayarwa.

Na ɗaga murya a gaban ma'aikata, na ce zan kai ƙara, na faɗi maganar da bai kamata mai furfura ya faɗa ba. Mai gidan, wanda daga baya na ji cewa da farko ya yi niyyar a sasanta, da labari ya kai masa sai ya ce in tafi kotun. Har yau ina ganin ina da gaskiya, domin shi ma a rufe gidansa yake a makon, ba wani baƙo ya kora saboda ni ba. Sai dai gaskiyar da ba ta da shaida ba ta da ƙafar zuwa ko'ina. Aka yi wata da watanni ana je-ka-ka-dawo, har limaminmu ya zaunar da mu uku a zaurensa, aka mayar mini da wani kaso a biya biyu. La'adar dillali da giɓin da ke tsakanin hannunsa da littafin, waɗannan ban sake jin ɗuriyarsu ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ashe doka tana bayana ban sani ba. Dokar tarayya ta 2018 kan gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce a sashe na 120 duk wanda ya kama wuri ko ya yi odar wani abu tun gaba yana da damar fasawa, sai dai mai wurin ya cire wani abu daidai gwargwado. Ba ta ba shi ikon riƙe kuɗin duka don ya manna takarda a bango ba. A 2022 Babbar Kotun Jihar Inugu ta yanke wa wani kamfanin motocin haya hukunci a kan irin wannan sanarwa, ta ce ba ta halatta ba, ta kuma sa ya biya fasinjan diyyar Naira 500,000. Ta fuskar addini ma, malamanmu na Malikiyya ba su yarda da cinikin urbun ba, wato a ba da kafin alƙalami a kan in an fasa ya zama na mai kaya, kuma a cikin Muwaɗɗa Imamu Malik ya kawo misalin wanda ya yi hayar dabba. Hanbaliyya sun halatta shi, haka ma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a 1993, da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Ko ta wace hanya aka bi, sharaɗin sai an faɗe shi tun farko.

Na zauna da niyyar jero muku, ku matasa, shawarwari masu yawa, amma na ga ba za ku karanta ba, ku da ba kwa iya sauraron saƙon murya na minti biyu. Kada ka tura ko sisi sai mai wurin, ba dillali ba, ya rubuta maka ranar shiga da ta fita, da abin da ka biya, da abin da za a mayar in ka fasa saura mako ɗaya ko saura kwana ɗaya. Saƙon WhatsApp ma ya wadatar in daga lambarsa ya fito. Ka tura ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunansa ko sunan gidan, domin banki ba zai dawo maka da kuɗin da ka tura da hannunka don kawai ka sauya ra'ayi ba. In ta manhajar kama masauki irin su Airbnb ko Booking.com ka kama, kowane gida da nasa sharaɗin fasawa a rubuce, kuma mai arahar sau da yawa shi ne wanda ba a mayarwa. Ku kuwa hoton kujera kuke kallo ku latsa. Idan mai gidan ya ce ku bar manhajar ya rage maka, ka sani ka bar kariyarka a can.

Ranar da ka san ka fasa, a ranar za ka rubuta, ko da tsakar dare ne, domin kowace rana da ka ƙara hujja ce gare shi cewa ya kori wani baƙo saboda kai. Ka nemi haƙƙinka har ƙarshe, ka ambaci dokar, ka kai koke hukumar in ta kama. Amma kuma, in gaya maka gaskiya, in ya ce zai riƙe kuɗin kwana ɗaya ya ba ka saura, karɓi ka tafi, domin kuɗin mota da na lauya da zaman jiran alƙali za su cinye abin da kake bi. Na ce takarda ce komai, ga shi kuma abin da na samu a zauren liman na same shi, ba a kan takarda ba, don haka kada ka kama gida a hannun wanda ba ka san mai iya ce masa bari ba. Ku kuma da abu kaɗan sai ku hau Facebook ku liƙa hoton gidan mutum kuna zagi, wanda na yi ihu a gaban ma'aikatansa uku kawai sai da ya ja ni watanni, balle wanda aka tozarta a gaban duk gari. A fara da sallama da rubutaccen saƙo mai kwanan wata, a ba shi wa'adi, in ya wuce a nemi mai unguwa.