Aikin Kwastoman Ɓoye a Abuja ga Mai Aikin Ofis

Idan babban manaja ya shiga reshen kamfaninsa da kansa, kowa miƙewa yake yi, mai gadi ya sara, mai karɓar kuɗi ta saki fuska. Abin da ba zai taɓa gani ba shi ne yadda ake karɓar talakan da ya shigo ranar Talata da rana ba wanda ya san shi. Shi ya sa bankuna, kamfanonin waya, gidajen abinci, gidajen mai da manyan kantuna suke biyan mutum ya shiga kamar kowane mai saye, ya lura, ya fita, ya rubuta rahoto. Galibi ba su ne ke ɗaukarka kai tsaye ba, kamfanonin binciken kasuwa suke ba kwangilar, su kuma su raba ziyarorin ga mutane. Wannan shi ne aikin kwastoman ɓoye.

Ma'aikaci a Abuja zai iya ƙara ɗan abin cefane da shi, amma da sharaɗi ɗaya: ziyarar ta faɗo a kan hanyar da dama kake bi, a lokacin da yake naka. Da zarar ka fara tashi musamman saboda ita, ribar ta tafi a titi.

Bari mu yi lissafi da misali. A ce an ba ka naira 6,000 kan ziyara ɗaya a wani kanti a Jabi, kai kuma gidanka yana Mararaba, ofishinka yana Sakatariyar Tarayya. Ka tashi ƙarfe huɗu, ka shiga mota zuwa Jabi, ka yi minti arba'in a ciki, sannan ka juyo ka tarar da cunkoson AYA zuwa Nyanya ya riga ya kama. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ba abin rainawa ba ne, kuma cikin gari babu acaɓa da zai yanke maka hanya. Ka isa gida a gajiye, ga rahoto yana jiranka, shi ma zai ci awa guda idan za a yi shi da kyau. Cire kuɗin mota da na data, ka raba abin da ya rage da awa huɗun da ka kashe. Amma wanda ke zaune a Gwarinpa ko Kubwa, Jabi ba ta yi masa nisa da hanya ba, ziyarar nan ɗaya ta zame masa riba. Don haka kafin ka karɓi kowane aiki, ka zana hanyarka ta kullum: ɗan Lugbe ya tsaya kan rassan da ke bakin titin filin jirgi, mai aiki a Wuse 2 ya ɗauki na titin Aminu Kano da kewayen Banex. Ranar Asabar kuma ka haɗa biyu ko uku a unguwa ɗaya, kuɗin mota ɗaya ya ɗauke su duka.

Matsala mafi girma ita ce bankuna. Suna cikin masu yawan neman wannan aiki, amma ƙofarsu a buɗe take Litinin zuwa Juma'a, daga takwas zuwa huɗu, daidai lokacin da ya kamata kana kan teburinka. Mutane kan ce za su yi shi a lokacin hutun rana. Ba na ba da wannan shawara sai reshen yana nesan tafiyar ƙafa. Ba kai ke da iko da layi ba, kuma tsawon jiran yana cikin abin da aka aiko ka ka auna, ba za ka fita a tsakiya ba. Ranar da netwok ya ɗauke, minti ashirin sai ya koma awa ɗaya da rabi. Ranar Juma'a ma ka cire ta daga lissafi, tsakanin masallaci da rufe banki babu wani sarari. Mai aikin kwana ko na karɓa-karɓa, kamar ma'aikatan jinya, shi ziyarar banki ta fi dacewa da shi. Mai aikin ofis ya riƙe gidajen abinci, gidajen mai, kantuna, da binciken da ake yi ta waya, inda za ka kira sashen kula da abokan hulɗa ka auna yadda suka amsa.

Ma'aikacin gwamnati kuwa yana da wani abin dubawa tun kafin nan. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci shiga gudanar da kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kansa, in ban da noma. Ka nemi bayani a sashen mulki na ma'aikatarka kafin ka sa hannu a kowace yarjejeniya. Mai aikin kamfani ya sake karanta takardar ɗaukarsa aiki. Kuma kada ma'aikacin banki ya karɓi ziyarar wani banki, ko ma'aikacin kamfanin waya ya je auna abokin gasarsu. Ko kamfanin binciken bai gano ba, ranar da ofishinka ya ji, albashin wata-wata ne a kan siraɗi saboda kuɗin ziyara ɗaya.

Yanzu aikin kansa. Za a turo maka takardar umarni: wane reshe, tsakanin ƙarfe nawa da nawa, me za ka tambaya, me za ka saya, har nawa za a mayar maka. Karanta ta sau biyu tun da dare. A nan ne za ka ga ko an ce a yi odar abin da addininka ya hana, ko an sa ziyarar gidan abinci da rana tsaka cikin azumi. Ka ƙi karɓa tun farko ya fi ka karɓa ka fasa, domin mai fasawa ba a cika sake nemansa ba. Abubuwan da ake tambaya kusan kullum su ne lokacin da ka shiga, minti nawa kafin a gaishe ka, sunan wanda ya saurare ka ko kamanninsa idan babu suna a ƙirji, ko ya tallata maka wani abu ƙari, tsabtar wuri da banɗaki, da lokacin fita. Ba a shiga da takarda da biro. Ka duba agogon waya yayin shiga, ka riƙe sauran a ka, da ka fita ka yi nisa kaɗan ka tura wa kanka saƙon murya da duk abin da ka tuna. Bayan awa uku a cunkoso, sunan Blessing da Grace sai su cakuɗe maka.

Rasit shi ne shaidarka. Ka ɗauki hotonsa nan take, domin takardar na'urar POS da ta kanti rubutunta gogewa yake yi idan ta sha zafi a aljihu ko a cikin mota. Hoton gaban shago a ɗauka daga tsallaken titi. Cikin banki kuwa kada ka ɗaga waya don hoto ko naɗar murya sai umarnin ya faɗa ƙarara, kuma kamfanin ya ɗauki nauyin hakan a rubuce.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Bahaushe ya tarar da Bahaushe a bayan kanta, sai gaisuwa ta ɓarke, ina gida ina iyali, a tsallakar da kai layi, wataƙila har a yi maka ragi. Daɗi ne, amma ya ɓata awon, domin ba haka ake yi wa kowa ba. Ka yi magana da harshen da umarni ya ce, idan kuma ma'aikacin ne ya juya zuwa Hausa, ka rubuta hakan a rahoto. Reshen da ɗan'uwanka ko maƙwabcinka yake aiki, kada ka karɓi ziyararsa.

Galibi ana son rahoto cikin awa 24, wasu ma a daren ranar. Abin da ke sa a ƙi shi a hana ka kuɗi sananne ne: ka je reshen da ba shi ba (banki ɗaya yakan yi rassa fiye da ɗaya a Wuse kaɗai, duba adireshin), ka isa bayan lokacin da aka yanka, rasit ya ɓata, ko ka zaɓi "e, an gaishe ni" sannan a bayani ka rubuta cewa ba wanda ya kula ka. Kuma a rubuta abin da ido ya gani. "Ba ta da kirki" ra'ayi ne. "Tana danna waya, ba ta ɗago ba sai bayan minti uku" shi ne shaida. Wannan wurin nake so a ji tsoron Allah: layi biyu da ka rubuta cikin gajiya suna iya jawo wa yarinyar da ke ciyar da gidansu takardar gargaɗi ko kora. Abin da ba ka tabbatar ba, kada ka cike gurbinsa da zato.

Kuɗin ba ya zuwa nan take, yakan ɗauki makonni, kuma kai za ka fara sayen kayan da kuɗinka. Ka ware ɗan abin da ba zai taɓa cefane ba, ka buɗe littafi: rana, reshe, abin da ka kashe, abin da aka yi alkawari, ranar da ya shigo. Kamfanin da ya riƙe maka kuɗin ziyara biyu, kada ka yi masa ta uku.

'Yan damfara kuma sun daɗe da shiga wannan rigar. Kamfanin gaskiya ba ya karɓar kuɗin rajista ko na horo. Duk wanda ya ce zai turo kuɗi asusunka ka "gwada" tura su wani wuri ka riƙe kasonka, yana so ne ya wanke kuɗin sata da sunanka, kuma kai EFCC za ta fara nema. Kada ka ba kowa lambar sirrin katinka ko lambar tabbatarwa da banki ya turo maka. Ka duba rajistar kamfanin a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka nemi adireshin ofishinsa, ka kuma buƙaci yarjejeniya a rubuce mai ɗauke da kuɗin kowace ziyara da ranar biya kafin ka taka ƙofar shago na farko.