Gwajin duba ƙarshen babban hanji

Jama'a, na yi gwajin nan da likitoci ke leƙa ƙarshen babban hanji da kyamara, kuma wallahi fargabar da na shiga kafin a yi ta fi gwajin kansa nauyi.

Da farko an zuba min ruwan magani ta dubura don hanjin ya wanku. Sai na kwanta ta ɓarin hagu, na naɗe gwiwoyi, likita ya tura wani siririn bututu mai lanƙwasa, mai fitila da kyamara a bakinsa. Tsawonsa kusan santimita 60 ne. Ba a yi min allurar barci ba, ina kallon cikin hanjina a allo, jaja-jaja yana sheƙi. Iskar da ake hurawa don hanjin ya buɗe ce ta ɗan murɗa min ciki, shi ke nan. Yawanci minti 10 zuwa 20 an gama.

Abin da ake nema shi ne ƙananan tsiro a bangon hanji. Ba sa ciwo, mutum na yawo da su bai sani ba, alhali wasunsu kan rikiɗe su zama ciwon daji bayan shekaru. In an gansu da wuri, ana iya cire su. Bututun dai ba ya kaiwa can ɓangaren sama na babban hanjin, shi ya sa in an ga wani abu sai a sake duba hanjin gaba ɗaya.

Yana damuna ƙwarai yadda mutum zai ga jini a bayan gidansa ya ce basir ne kawai, kunya ta hana shi zuwa asibiti. Don Allah, wanda ya kai shekara 45, ko wani a danginsa ya taɓa yin ciwon dajin hanji, ya tuntuɓi likita.