Garantin mota a Amurka: in dila ya ce ka taɓa motarka

Baƙon da ya sauka a Amurka, in ba a tsakiyar Niyok ya zauna ba, kafin wata uku zai gane cewa mota a nan ƙafa ce. A Kolombos ta jihar Ohayo ko Hustan ko Miniyapolis, wurin aiki da makarantar yara da masallacin Juma'a kowanne tafiya ce mai nisa. Shi ya sa da albashi ya fara shigowa, da yawanmu ke cin bashin banki mu ɗauki sabuwar mota, ko wadda garantinta bai ƙare ba. Daga nan sai a fara yi mata kwalliya: gilashi mai duhu, manyan wili, ƙarin sifika, da na'urar tayar da inji daga cikin ɗaki saboda sanyi. Ranar da wani abu ya lalace aka kai ta wurin dila, sai mai karɓar motoci ya leƙa ya ce ai an taɓa ta, garanti ya tashi. Mutanenmu kan haɗiye takaici su biya dubban daloli, saboda sun ɗauka bakinsa shi ne doka.

Dokar tana nan daban. Sunanta Magnuson-Moss, ta tarayya ce, an kafa ta a 1975, kuma hukumar kula da cinikayya ta FTC ce ke sa ido a kanta. Ta hana kamfani ya ce sai ka yi amfani da kayan gyaransa ko garejinsa kafin garantinka ya yi aiki, sai dai in kyauta zai ba ka su. Matsayar hukumar kuma a fili take: kafin a hana ka gyara saboda wani abin da ka ƙara, sai kamfani ko dila ya nuna cewa abin ne ya jawo lalacewar. Ko ya nuna ɗin, wannan gyaran kaɗai ka rasa. Wanda ya canza salansa, sai injin ɗaga gilashin ƙofa ya mutu, babu abin da ya haɗa su, dole a gyara masa.

Ka fara sanin abin da kake riƙe da shi. Toyota da Honda da Ford suna ba da shekara 3 ko mil 36,000 a kan kusan duk motar, da shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya, duk wanda ya riga cika. Hyundai da Kia suna ba da shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya, amma ga mai saye na farko kawai. In hannu na biyu ce, ya koma shekara 5 ko mil 60,000. Akwai kuma garantin hayaƙi da gwamnatin tarayya ta wajabta: shekara 8 ko mil 80,000 a kan kwamfutar inji da abin tace hayaƙi na cikin salansa, wanda kanikawan gida ke kira indomi.

Rigimar duk a kan sanadi take, don haka ya kamata ka san inda dila zai yi gaskiya. Mafi yawan matsala daga waya take fitowa. Na'urar tayar da inji daga nesa tana shiga wayoyin makulli da na tsaron mota. In mai sakawa ya fere waya ya naɗe da salatif, bayan hunturu ɗaya da gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa za ta shiga, fitilun gargaɗi su fara kamawa barkatai. Ka nemi wadda ke zuwa da soket da ya dace da ƙirar motarka, a jona ba tare da yanka ba. Haka kyamarar gaban gilashi da amfilifaya: a ɗauko wuta daga akwatin fis, kowacce da nata fis. Motar da aka kashe ta huta, bai kamata ta riƙa jan fiye da kimanin miliyam 50 (ma'aunin wutar da na'ura ke ja) daga batir ba. In kyamararka na jan ɗari biyu dare da rana, batir ya mutu, dila zai auna ya nuna maka, kuma ba ka da ta cewa.

Wili ma haka. In tsayin taya gaba ɗaya ya bambanta da na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari, agogon gudu zai riƙa ƙarya, kuma wilin da ya turo waje yana ɗora wa boris nauyin da ba a yi shi dominsa ba. Boris da shokozoba a nan za su iya fita daga garanti, iyakwandishan kuwa yana ciki. Gilashi mai duhu bai cika taɓa garanti ba, matsalarsa da 'yan sanda ce: a jihar Niyok dole gilashin ƙofofin gaba ya bar kashi 70 na haske ya wuce, kuma tun 2017 ana duba shi a binciken mota na shekara-shekara.

Abin da ban ba kowa shawarar ya yi ba shi ne canza manhajar kwamfutar inji don ƙara ƙarfi. Kwamfutar na ajiye alamar an sake rubuta ta, ko ka mayar da ta asali kafin ka je gareji. In inji ko giya ta lalace bayan haka, hujjar kamfani na da ƙarfi ƙwarai, kuma kuɗin sabon inji ya isa ya karya mutum.

Sai dabi'un da muka taso da su a garejin Kano da Zinder, waɗanda a can ake ɗauka dabara ce. Cire tamostat da jona fanka kai tsaye: a nan inji ba zai kai zafin aikinsa ba, zai sha mai, hita ba za ta ɗumama ba, fitilar inji ta kama. Zuba ruwan famfo a lagireto: daren farko da sanyi ya sauka ƙasa da sifili ruwan zai daskare ya kumbura, yana iya tsaga jikin inji. Ruwan sanyaya inji irin wanda littafin motar ya ambata ake sawa, galibi rabi da rabi da tataccen ruwa. Baƙin mai mai kauri irin 20W-50 a injin da aka rubuta wa 0W-20 ba ya saurin isa ƙananan hanyoyin mai da safe. Fasa indomi kuwa, ban da zubar da garantin shekara 8, saɓa wa dokar tsabtar iska ta tarayya ne. Kowanne cikin waɗannan, kamfani zai kira shi rashin kula, kuma da wuya ka ci nasara.

Kana da damar yin juyen mai a ƙaramin gareji, ko wurin ɗan'uwa makaniki, ko da hannunka. Abin da za a tambaye ka shi ne shaida. Kowane rasit ya nuna rana, da lambar mil, da irin man, da lambar filta. Ka ɗauki hotonsa a waya nan take, domin tawadar rasit tana gogewa. Mun saba da ciniki na baki da amana, amma a nan gyaran da ba shi a takarda kamar ba a yi shi ba ne.

To, an hana ka, sai yaya? Kada ka ɗaga murya. Ka tuna dila ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, kamfanin da ya ƙera motar ne ke biyansa kuɗin gyaran garanti, kuma in kamfani ya duba ya ƙi, asarar a kansa take. Shi ya sa yake saurin cewa a'a. Ka ce a rubuta maka dalilin a takardar aiki: wane ɓangare ne ya lalace, wace lambar matsala kwamfuta ta nuna, kuma ta yaya abin da ka ƙara ya jawo ta. Wani lokaci wannan buƙatar kaɗai takan sa a sake tunani. Ka kula kafin ka sa hannu a takardar izinin kwance inji, domin in aka kwance aka ce laifinka ne, kuɗin kwancewa na wuyanka. Ka tambayi adadinsa tukuna, ka kuma ce a ajiye maka kayan da aka cire.

In manajan gareji ya tsaya a kan bakansa, ka kira lambar kamfani da ke cikin littafin garanti, ka karɓi lambar ƙorafi, ka nemi wakilin kamfani na yankin ya ga motar. Kana iya gwada wani dilan na kamfanin, domin garantin ba na shago ɗaya ba ne. Ka samu rahoto a rubuce daga makaniki mai zaman kansa. Bayan nan akwai sulhu na kyauta: kamfanoni da dama suna cikin shirin BBB Auto Line, kuma littafinka zai faɗi wanda kamfaninka ke bi, wani lokaci ma dole ka bi ta nan kafin kotu. Ofishin babban lauyan jiha yana karɓar ƙorafi. Kotun ƙananan ƙararraki ba ta buƙatar lauya, a birnin Niyok tana sauraron har dala 10,000. In shari'ar ta fi haka, dokar 1975 ta ba alƙali damar ɗora wa kamfani kuɗin lauyanka in ka yi nasara, shi ya sa wasu lauyoyi ke karɓar irin wannan ƙara ba tare da kuɗin gaba ba.

Abu uku na iya raba ka da garanti ko ba ka ƙara ko ƙusa ɗaya ba. Motar gwanjo da inshora ya riga ya rubuta ta lalace, kamfanoni galibi suna soke garantinta. Mai niyyar yin Uber ko kai saƙo ya karanta sashen aikin haya a littafinsa kafin ya fara, domin wasu kamfanoni suna cire motar haya daga dogon garantinsu. Wanda kuma zai loda motar a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas, ya kai ta wurin dila a gama duk gyaran garanti kafin ta tashi, ya kuma shigar da lambar jikinta mai haruffa da lambobi 17 a shafin hukumar kiyaye haɗurran hanya ta NHTSA ya ga ko akwai gyaran da kamfani ya yi kiranye a kai, a yi masa shi kyauta tun tana nan.