Yinin da Na Yi a Kan Lambobin Rangwame

Talata, da dare.

Aikin da ya cinye mini yinin yau shi ne shirya lambobin rangwame a manhajar da abokan cinikinmu ke kama lokaci da ita ta intanet. Mai ɗakin ɗaukar hoton da nake kula wa da jadawali ta daɗe tana kuka da yadda safiyar tsakiyar mako ke wucewa babu kowa, alhali a ƙarshen mako mutane na rububin gurbi ɗaya, saboda haka ta ce in fitar da rangwamen da zai jawo jama'a zuwa sa'o'in da ke zaune a banza.

Shafin da ake ƙirƙirar lambar ɗan ƙarami ne, amma kowane akwati a cikinsa hukunci ne da za a yanke. Na farko shi ne nau'in rangwamen: ko a cire wani kaso cikin 100 na kuɗin aikin, ko a cire ƙayyadadden adadi. Daga nan sai ayyukan da lambar za ta shafa, da ranar da za ta fara aiki, da ranar da za ta mutu, da yawan amfanin da za a yi da ita gaba ɗaya, da kuma sau nawa mutum ɗaya zai iya shigar da ita. Abin da abokin ciniki ke gani 'yan haruffa ne kawai, amma idan ya rubuta su ya danna maɓalli, shafin yana aika su zuwa babbar kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, ita kuma ta bi sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya kafin ta dawo da sabon farashi ko ta ƙi. Dole ne a can a yi wannan lissafi, domin duk abin da aka bar wa burauzar mutum, wato manhajar da yake buɗe shafin intanet da ita, ta lissafa, mai wayo zai iya sauya shi. Kamfanin karɓar kuɗi na Stripe, wanda manhajoji da yawa ke jingina da shi, ya ma raba abin gida biyu: rangwamen kansa daban, lambar da ake ba mutane daban, ta yadda rangwame guda zai iya samun lambobi da yawa, kowace da nata wa'adi.

Inda na fi daɗewa shi ne batun kwanan wata, kuma a ganina nan ne manhajar kama lokaci ta sha bamban da shagon intanet. Mai sayar da kaya idan bai sayar yau ba, kayansa na nan gobe. Mu kuwa lokaci muke sayarwa, kuma sa'ar da ta wuce ɗaki a rufe ta tafi ke nan. Don haka kwanan wata biyu ne a kowane ciniki: ranar da mutum ya kama gurbin, da ranar da zai zo. Idan aka ɗaure lambar da ranar kamawa kaɗai, mutum zai iya shigar da ita yau ya kama yammacin Asabar, gurbin da ko babu rangwame sai ya cika, a tashi an rage kuɗi a inda ba a buƙata, safiyar Laraba kuma tana nan fayau. Hanyar da na bi ita ce na ware wani aiki na musamman wanda ba ya buɗuwa sai safiyar tsakiyar mako, na ɗaure lambar da shi kaɗai. Wannan ya bar wata ƙofar, wato mutum ya kama Laraba da rangwame sannan ya ɗage zuwa Asabar, sai na tabbatar cewa ɗagewa ba ta fita daga sa'o'in wannan aikin.

Da rana mai ɗakin ta zo duba abin da na yi, ta nemi a bar mutane su haɗa wannan lambar da wadda muke ba sababbin abokan ciniki. Na ce mata, "Ranki ya daɗe, bari in nuna miki lissafin tukuna." Na rubuta a takarda: aikin da kuɗinsa 200 ne, idan aka fara cire kashi 20 cikin 100 ya koma 160, aka kuma cire 30, saura 130, idan kuwa aka fara cire 30 ya koma 170, sannan aka cire kashi 20, saura 136. Lambobin ba su canja ba, jerin ne kawai ya canja, ga shi farashi ya zama biyu. Ta ɗan yi shiru tana kallon takardar, sannan ta ce a tsaya a lamba ɗaya a kowane ciniki. Haka muka bi kafin alƙalami: a kan farashin da aka rage za a lissafa shi, kuma rasit zai nuna asalin kuɗi, da abin da aka cire, da abin da ya rage a biya ranar zuwa. Haraji kuwa dokar kowace ƙasa ce ke faɗin yadda za a yi da shi.

Batun ƙidayar amfani da lamba ya tuna mini asalin irin wannan rangwame. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 Asa Candler, mai kamfanin Coca-Cola, ya riƙa raba takardun da ke ba mutum kofin Coca-Cola kyauta a Amurka, kuma waccan takarda da zarar an miƙa ta, ta bar hannun mai ita. Lambar intanet ba ta barin hannun kowa. Ana iya kwafarta a tura wa mutum dubu cikin minti ɗaya, akwai ma ƙananan manhajojin burauza irin Honey, wadda kamfanin biyan kuɗi na PayPal ya kammala saye a 2020, da aikinsu shi ne gwada lambobi a shafin biyan kuɗi. Abin da ke tsare mai sana'a shi ne ƙidayar da manhajar ke yi, ita ma tana da rauni, domin yawanci da adireshin imel ko lambar waya take gane mutum, buɗe sabon imel kuwa ba wuya. Saboda haka na raba su: lambar kowa da kowa mai iyakar amfani don safiyar tsakiyar mako, sai lambobi masu amfani sau ɗaya tak ga waɗanda muke son saka wa da alheri. Na kuma kauce wa harafin O da sifili, da harafin I da 1, domin a allon waya suna rikita ido.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ya soke zuwansa. Idan mu ne muka soke, ba adalci ba ne lambarsa ta mutu tare da gurbin, don haka za mu ba shi sabuwa. Idan shi ya soke cikin wa'adi, abin da ya biya za a mayar masa, ba asalin farashi ba. Duk wannan na rubuta shi da kalmomi masu sauƙi a ƙarƙashin akwatin lambar, na kuma gyara saƙon ƙin karɓa, domin jimlar "lambar ba ta aiki" tana barin mutum yana zargin kansa ko yana zarginmu. Yanzu saƙon yana faɗin dalili: wa'adi ya ƙare, ko an riga an yi amfani da ita, ko ba ta shafi wannan aikin ba. Na ƙara da sa'ar ƙarewa bisa agogon wurinmu, saboda mai kama lokaci daga wata ƙasa tsakar darensa daban.

Kafin in tashi na shiga shafin a matsayin abokin ciniki daga wayata, na kama ƙarfe 10 na safiyar Laraba, farashi ya sauka yadda aka tsara. Na gwada Asabar, lambar ta ƙi, ta kuma faɗi dalili. Gobe za mu aika sanarwa, sannan a ƙarshen wata in duba rahoto in ga ko sababbin mutane ne suka cike safiyar, ko kuwa tsofaffin abokan cinikinmu ne suka sauya rana kawai.