Faransanci da sakin jiki: abin da ya yi mani aiki da wanda bai yi ba

Ni sana'ata sayar da motocin Kwatano ce a nan Katsina, kuma duk wanda ya san harkar nan ya san in dai Maraɗi ce ko Damagaram ba ka da matsala, Hausarka ta ishe ka har gaban jandarma. Amma da ka sauka Kwatano ko Lome labari ya canza, takardu da Faransanci, ciniki da Faransanci, sai ka riƙe ɗan tafinta kana biyanshi kuma ba ka san mi yake faɗi a bakinka ba. To lokacin da aka rufe boda a watan Agustan 2019 aiki ya tsaya cak, har zuwa Disambar 2020 da aka buɗe, zaman banza ya ishe ni nace bari in koyi yaren nan ko na huta da tafinta.

Matsalata ba hadda ba ce, mu da muka tashi da allo hadda ba ta ba mu tsoro. Ina iya zama in haddace kalmomi tuli guda, amma da mutum ya tsaya gabana ya jefo mani tambaya sai komai ya gudu, zuciya ta riƙa bugawa, baki ya bushe, abin da na sani sarai jiya da dare sai in neme shi in rasa. Lissafi ya fi komai ba ni wahala, don su saba'in ɗinsu sittin da goma ce, tamanin kuma ashirin sau huɗu, casa'in da bakwai sai ka ce ashirin huɗu da goma sha bakwai, ga kuma kanka ya saba da lissafin dala da jika irin na mutanen Nijar inda dala ɗaya sefa biyar ce, to ka haɗa wannan duka a tsakiyar ciniki mutum na kallonka yana jira.

A nan ne na faɗa wa sautukan nan da ke yawo a intanet masu cewa wai ka sa abin kunne ka kwanta, za a yi maka hifnosis, wato a sa ka cikin wata natsuwa mai kama da barci ana cusa maka magana, ka tashi da yare a bakinka. Na gwada su ƙwarai, abin da na samu kawai shi ne barci mai daɗi da cajin waya da ya ƙare. Kuma ashe tun 1956 wasu masu bincike biyu a Amurka, Simon da Emmons, sun auna wannan da na'urar da ke duba aikin ƙwaƙwalwa, suka ga abin da aka karanta wa mutum yana cikin barci na gaske ba ya tashi da shi, wanda ya tuna to lokacin bai gama yin barcin ba ne. Abin da aka gano daga baya a Suwizalan wajen 2014 ɗan daban ne, an koya wa masu jin Jamusanci kalmomin yaren Holan da ido biyu, sannan aka sake kunna masu wasu daga ciki suna barci, waɗanda aka kunna ɗin sun fi zama. Ka ga kenan sai ka fara shan wahalar koyon tukuna, barci ƙarfafawa kawai yake.

Wanda ya canza mani abin wani dattijo ne mutumen Tasawa ta Nijar da ke zaune wajen Ƙofar Ƙaura, ya taɓa koyarwa a makarantar boko can ƙasarsu. Shi ya fara ba ni labarin wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Bulgeriya mai suna Georgi Lozanov, wanda a shekarun 1960 zuwa 1970 ya fito da wata hanyar koyar da yare, ɗalibai su zauna a kujeru masu laushi, a sa kiɗan Turawa na da mai sanyi, malami na karanta darasi a hankali, kowane ɗalibi kuma a ba shi sabon suna da sabuwar sana'a don in ya yi kuskure ya ji kamar ba shi ya yi ba. An yi ta kururuta cewa hanyar na ninka saurin koyo ninkin ba ninki, waɗanda suka sake gwadawa a wasu ƙasashe ba su ga haka ba, kuma shi kanshi Lozanov ɗin daga baya ya nisanta hanyarshi da hifnosis. Amma gindin maganar, wato tsoro da kunya suna toshe mutum, wannan ko Stephen Krashen masanin koyon harsuna ya yi ta nanata shi a shekarun 1980, kuma ni ban buƙatar wani Bature ya gaya mani, na gani a jikina.

Kiɗan dai ban sa ba, ba ya cikin tsarina kuma dattijon ma ya ce ba dole ba ne. Abin da muke yi, bayan Asuba kafin gari ya ɗau hayaniya, in zauna a kujera, ba kwanciya ba don in na kwanta shikenan na tafi. In ja numfashi ta hanci ina ƙirga huɗu, in sake shi a hankali ina ƙirga shidda, haka haka har kafaɗuna su sauko. Sai in bi jiki daga yatsun ƙafa, in ɗaure tsoka in saki, ƙwauri, cinya, ciki, hannu, har muƙamuƙi, kuma wallahi sai a lokacin na gane kullum haƙorana a dantse suke ban sani ba. Wannan ɗaurewa da sakin ma tsohuwar dabara ce, wani likita Ba'amurke Edmund Jacobson ya fito da ita tun wajen 1920 da wani abu. Bayan kamar minti goma sai in kunna muryar dattijon da na ɗauka a waya, yana karanta jimlolin da muka riga muka yi jiya, a hankali, yana barin fili in maimaita.

Sashen da ya fi kama da hifnosis ɗin shi ne na ƙarshe, kuma shi ya fi yi mani amfani. Ido a rufe sai in kai kaina filin motoci a Kwatano, in ga ranar, in ji warin mai da ƙura, in ga dillali ya taho ya faɗi farashi da sauri yadda suke yi, ni kuma in tsaya in ja numfashi in ce mashi ya maimaita a hankali, in ba shi nawa farashin, ya yi dariya, in ƙi motsawa. Har kuskure nake sakawa da gangan a cikin tunanin, in faɗi lamba ba daidai ba, ya gyara mani, mu ci gaba, ba wanda ya mutu. Dattijon ya ce in riƙa ɗaukar kaina wani direba ne daban ba Alhajin da ake jin kunya a unguwa ba, abin ya ba ni dariya da farko amma gaskiya girman kai na cikin abin da ke ɗaure harshen manya, yaro bai damu a yi mashi dariya ba shi ya sa yake riga mu.

Hajiyarmu da ta ji labari wajen maiɗakina sai da ta kira ni, ta ce kai wane irin abu ne kake rufe ido kana magana kai kaɗai da sassafe, kar dai ka je ka jawo mamu abin da ya fi ƙarfinmu. Na ce Hajiya ki kwantar da hankalinki, ba kiran kowa nake ba, ba turare ba surkulle, hankalina na jikina, ko sallama aka yi ina ji in amsa. Kuma haka abin yake, mutane na ɗauka hifnosis wani ne zai ƙwace maka hankali ya juya ka yadda ya so kamar yadda ake nunawa a fim, alhali natsuwa ce mai zurfi da tattara hankali wuri guda, in ka ga dama ka buɗe ido ka tashi. Sai da na kwatanta mata da tilawar da gardawa ke yi cikin dare in gari ya yi tsit sannan ta sake, ta ce to ai da sai ka ce haka tun farko.

Abu biyu dai zan ja kunne. Kar wanda ya kunna irin sautin nan yana tuƙi, musamman mu masu doguwar hanya, yana saukar da barci ba ka ankara ba. Wanda kuma yake da lalurar ƙwaƙwalwa ko yake shan maganinta ya fara tambayar likitanshi.

Da hanya ta buɗe na koma, ba wai na zama Bafaranshe ba, amma na yi ciniki da bakina, na karanta takardar mota na gane inda aka ƙara kuɗi, kuma in magana ta ɓace mani sai in ji kafaɗuna sun hau, in sauke su, in ce a maimaita. Tafinta yanzu sai in za a shiga ofis mai dogon turanci nake ɗauka. Kalmomin kansu kuwa maimaici ne ya zaunar da su, yau, gobe, bayan kwana ukku, bayan sati, da littafi da biro da ɗan sauraren RFI ta Faransanci wadda har yanzu in suka ɗau gudu rabi nake kamawa. Rubutuna kam sai a hankali, kuma wannan rabon nasu na kowane abu ko namiji ne ko mace, mota mace, babbar mota namiji, duk numfashin da na ja bai taɓa gaya mani wanne ne wanne ba, sai na koma wajen dattijon ya duba mani.