Koyon sharhin fim: inda na kai a wata na huɗu

'Yan'uwa masu koyo, sallama. Littafin da nake rubutu a ciki ya kai rabi, kuma sai a makon nan na gane inda nake ta yin tuntuɓe.

Da, in na zauna kallo, fina-finan Indiya da na Amurka nake ɗorawa a ɗaya gefen sikeli. Kullum namu na Hausa ke faɗuwa, sai in rubuta "ba kuɗi, ba kayan aiki" in rufe littafi. Wannan ba sharhi ba ne. Masana'antar da ta fara da kaset ɗin bidiyo a Kano, da fim ɗin Turmin Danya a 1990, ba a auna ta da mudun wasu. Yanzu da zarar na gama kallon kashi na farko na fim mai dogon zango, layi ɗaya nake rubutawa: me fim ɗin nan ya yi mini alkawari? Da shi nake bin sa bashi har ƙarshen zango.

Na gwada a kan wani mai dogon zango, kashi 13. Ya buɗe da mace mai takaba, dangin miji sun tsare ƙofa tun ba a yi sadakar bakwai ba. Akwai wata fitowa da ta zauna tana ninke rigunan mamacin, ba kiɗa, ba magana. Sau uku na mayar da ita baya. Marubucin yana da duk abin da labari ke nema a hannunsa: wata huɗu da kwana goma na takaba, ga agogo yana tafiya, tumunin da shari'a ta ba ta tunda akwai 'ya'ya, ga abin faɗa a kai, ga ƙanin miji da takardun gida ke hannunsa. Na sa rai za a kai mu gaban alƙali, mu ji yadda ake rabon gado, mu ga ko za ta iya buɗe baki a gaban surukanta.

Daga kashi na 6 sai ga wani attajiri ya faɗo yana son ta. Shi ke nan, gado ya bi ruwa. Aka koma kishi da leƙen waya, aka sallami maganar gida da jimla biyu a kashin ƙarshe. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin jarumar ta nuna za ta iya ɗaukar nauyin, aka sauke mata shi.

Na san dalilin jan labari. Tun da kasuwar faifai ta mutu aka koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, kowane kashi kuɗin talla ne, soyayya kuma ba ta rasa masu kallo. Amma zaman kotu ɗaki ɗaya yake buƙata da benci biyu, bai kai tsadar motocin attajirin ba. Don haka a shafin "rashin kuɗi" ban rubuta komai ba, na kai shi shafin "rashin rubutu".

Sauti ne har yanzu yake ba ni wuya, kunnena bai iya raba laifin mai ɗaukar sautin da na mai tacewa, wato edita, ba. Mako mai zuwa zan kalli kashi biyu ido a rufe, in rubuta abin da na ji kawai. Wanda ya riga ni gwadawa ya faɗa mini yadda ya yi.