Ɗan zuhuduna ya mutu, sai ga katanga

Har yanzu abin yana ci mini rai. Wata da watanni ina jan wani jarumi ɗan zuhudu a wasan tebur na Dungeons & Dragons, bugu na biyar na 2014, wasan da kowa ke jan jarumin da ya ƙirƙira a cikin labari, a ƙirƙirarriyar duniyar Forgotten Realms, kuma ban ba shi abin bauta ba. Ƙa'ida ba ta hana ba. Firist ne ƙarfinsa ke fitowa daga wani allan wasan. Ɗan zuhudu kuwa daga ki yake samu, wato daga horon jiki da numfashi. A wannan duniyar ma akwai 'yan Old Order, masu bin falsafa kawai ba tare da sun rusuna wa kowa ba. To ina laifina?

Yadda ya mutu ba wani labari ba ne. Abokan wasa suka yi karo-karo, suka sayi lu'ulu'u na zinari 500 don sihirin Raise Dead mai tayar da matacce, aka kai gawa kafin kwana 10 su cika. Sai mai jan ragamar wasan ya yi gyaran murya ya ce sihirin ya cinye lu'ulu'un amma bai kama ba, domin sharaɗi ne ruhin ya kasance yana da 'yancin dawowa, nawa kuwa an riga an liƙa shi a Katangar Marasa Imani.

Ashe a can, wanda ya mutu bai bi kowa ba, gaban Kelemvor, alƙalin matattu, ake kai shi, a gina shi cikin katangar da ta kewaye birnin hukunci kamar tubali, ya yi ta narkewa har ya ɓace. Myrkul, wanda ya taɓa riƙe wannan sarauta, shi ya ƙirƙiro ta. Abin haushin, jarumina bai taɓa musun cewa allolin nan suna nan ba. Ta yaya zai musa, bayan sun sauko sun yi yawo a ƙasa a shekarar 1358 ta kalandarsu? Ƙin yi musu hidima kawai ya yi, kuma wannan ya isa.

Ba katangar ce ta ƙona ni ba, shirun mai jan wasan ne. Ya ga gurbin abin bauta a takardar bayanan jarumina fayau tun ranar farko, bai ce uffan ba. Zinari 500!

Yanzu kafin in cike takarda sai na tambaya: a teburin nan akwai katanga ko babu? Wasu sun jefar da ita tuni. In akwai, ko in rubuta Ilmater, allan da 'yan gidan zuhudu na Yellow Rose ke bi, ko in shiga da idona biyu. Wanda kuwa yake son marar abin bauta na gaske, ya gwada Pathfinder, wani wasan irin wannan, inda ƙasar Rahadoum ta haramta bauta ɗungurungum. Can na koma da sabon ɗan zuhuduna, sai dai ba da wancan mai jan wasan ba.